Ƙofar da Aka Auna da Makara

Tun da ruwan Tiga ya ci garinmu, muka taso muka zauna a sabon matsuguni gefen Bebeji, ƙyauren katako ne a bakin zaurenmu. Da shi muka taso, a bayan jaki. Ya yi mana shekaru, har gara ta cinye cikinsa, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ƙwarya. To, shekarar da maigidana ya sayi injin ban-ruwa don noman rani, sai ya ce ba zai kwantar da inji a bayan ƙyauren da akuya ke turewa da ka ba. Ƙarfe za a sa.

Ya je Bebeji ya taho da mai walda. Magidanci ne gajere, rigarsa duk hujin tartsatsi, idanunsa jajur kamar na mai hura ɗanyen itace. Ina daga ciki ina tankaɗe, ina jin su a zaure. Maigida yana cewa, "Ka matse ta. Mutum ɗaya da kekensa ya isa. Ɓarawo in ya shigo, ya sha wuya kafin ya fita da kaya."

Sai ga uwar mijina, wadda duk gidan Iya muke ce mata, ta dogaro sandarta ta nufi zaure.

"Wane ne ke auna mini ƙofa ba sallama?"

Mai walda ya durƙusa. "Angonki ne, Iya. Na zo in kulle ki kada samari su sace mini ke."

"Ango da idanu kamar gauta? Allah ya sawwaƙe. Nuna mini faɗin ƙofar."

Ya buɗa hannuwa ya nuna mata. Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Makara za ta wuce?"

Na ajiye rariya. Maigida ya ce, "Haba Iya, wace irin magana ce da safiyar Allah?"

Ta ce, "Irin wadda ba ta da safe, ba ta da yamma."

Ni na san inda maganar ta fito. Bara waccan aminiyarta ta rasu a wani ƙauye wajen Kiru, Iya ce ta yi mata wanka. 'Ya'yan matar sun sa ƙofar ƙarfe matsattsiya. Da aka zo fita da ita, makara ta ƙi wucewa. Aka karkata, aka juya, ta ƙi. A ƙarshe a tabarma aka fitar da baiwar Allah, ana lanƙwasa ta kamar damin kara. Iya na tsaye a tsakar gida tana gani. Ta sha gaya mini in muna sussuka: da bangon ƙasa ne, sara biyu da gatari ya isa a buɗa hanya, amma ƙarfe ba ya jin magana.

Ranar awon ƙofar kuwa ta faɗa a gaban ɗanta. "Kabarin mijina na ƙarƙashin ruwan Tiga, ba zan kwanta kusa da shi ba, na haƙura. Amma daga gidan nan a miƙe zan fita."

Mai walda ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai ya yi ƙofofi, ya yi tagogi, ya yi gadaje, bai taɓa auna makara ba, amma bari ya je masallaci da tef ɗinsa ya auno.

Iya ta ce, "Zaren naka yana da kafaɗa? Makara da mutane take tafiya. A kawo ta nan, da masu ɗauka."

Ɗa ba ya musu da uwa a gaban baƙo. Maigida ya je ya roƙi liman, liman ya ce tunawa da mutuwa ba laifi ba ne. Sai ga maza huɗu sun saɓo makara daga masallaci, sun ratso unguwa da rana tsaka, sun nufo gidanmu. Ba wanda ya yi tunanin ya sanar da maƙwabta.

Kafin su iso, salati ya tashi ta bayan danga. Matar maƙwabcinmu ta faɗo ta ƙofar baya, zane a hannu, tana kuka tana kiran Iya. Ta iske Iya a tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"La ilaha illallahu! Iya, to wa ya rasu?"

"Ke za ki gaya mini, ke kika zo da kuka. Zauna ki taya ni, tunda kin zo."

Aka shiga da makara, aka fita da ita, Iya na daga zaune tana cewa a sake, na hagu ya gogi bango. Mai walda ya zana da gawayi inda kafaɗu suka tsaya. Faɗin ya wuce abin da maigida ke so nesa ba kusa ba, fuskarsa ta nuna. Suka daɗe suna ƙus-ƙus shi da mai walda, har suka tsaya a kan ƙyaure biyu: ɗaya na shiga da fita, daidai mutum da kekensa, ɗaya siriri a gefe, a datse da sakata sama da ƙasa, ba a buɗe shi sai ranar da ya kama.

Da mai walda ya gama ƙofar ya kawo ta a a-kori-kura, da injinsa mai ƙara, magini ya sassaƙe bango ya kafa siminti. Aka ce mu mata kada mu kalli wutar. Na leƙa sau ɗaya, na kwana ido na ruwa. Da zai tafi ya ce, "Amaryata, sakatar da ba a motsawa tsatsa ke aure ta. A riƙa ba ta mai."

Daga ranar, duk Juma'a da hantsi, Iya za ta fita zaure da gashin kaza da ɗan man gyaɗa a murfin kwalba. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta ja, ta mayar. Maigida ya ce ga baƙin mai na inji, ya fi. Ta ce ba za ta fita ta ƙofa mai warin gareji ba. Da ƙafa ta gaza, ni ke riƙe ta. Da hannu ya gaza kaiwa ga sakatar sama, ni ke shafawa tana kallo.

Cikin wata damina mai yawan ruwa Iya ta cika, da safe, bayan ta sha koko. Shekarar har fartanya tsatsa ta kama. Ina tsaye a tsakar gida na ga maigida ya kai hannu ga sakata, ya ja ta sama, ya ja ta ƙasa, ko ƙara ba su yi ba. Ƙyauren nan siriri ya buɗe. Suka ɗauke ta su huɗu, a miƙe, ba kafaɗar da ta taɓa ƙarfe.

Mai walda ya zo gaisuwa daga Bebeji. Na ji shi a zaure yana ce wa maigida, "Amaryata ta fita ba ta yi mini sallama ba."

Ƙofar tana nan, fentinta ya koɗe. Gashin kaza da murfin kwalba yanzu a ɗakina suke, sai dai sakatar sama ta fara yi mini nisa.