Randar da Ba Mu Taɓa Wankewa Ba

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayata Rakiya, Allah Ya ji ƙanta. Mutanen ƙauyenmu Wad Haddad za su tuna doguwar macen nan da ke tsinkar auduga tana zolayar na gaba da na baya, har malalaci ya ji kunya ya ƙara hannu. Ni na fi tuna yadda ta tafi. Cikinta na biyu ya tsufa sai zazzaɓi ya kama ta. Muka ce na sauro ne, don mai zama bakin ruwa ba ya tambayar inda zazzaɓi ya fito. Ɗan ya zo ba rai. Ita kuma wuyanta ya sanƙare, ta daina gane mu, ta cika a asibiti a Madani.

Ba a kanta aka fara ba. Matan gidanmu ciki ba ya zama musu lafiya. Wata ta yi ɓari a ƙauyen da aka kai ta, wata ta binne jariri kafin suna. Maza ƙalau, mu marasa ciki ƙalau. Sai ka ce abin yana da ido. Aka ce iska ce ke bin 'ya'yan gidanmu duk inda aure ya kai su. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadaka. Yau ba na yi wa masu cewa iska dariya, don lalle akwai abin da ke bin mu.

Gidanmu an san shi da jibna, farin cukun nan da ake jiƙawa a ruwan gishiri. Kakarmu ta koya wajen Larabawa, ta kafa randa a ɗakin da ya fi sanyi. Ruwan randar ba a zubarwa, ba a tafasawa, in ya ja baya a ƙara. Mahaifiyarmu Inna takan ce daɗin a tsufansa yake. Duk 'yar da za a kai ɗakin miji sai an cika mata gora da shi, ta je ta kafa tata. Mai ciki kuwa ba a hana ta abin da ta yi kwaɗayi, wai kada tabonsa ya fito a jikin jariri, don haka mafi taushi na tsakiyar randa nata ne. Rakiya takan ci da kisra, wainar dawa mai faɗi, tana kallona, ta ce in ina so in je in nemo nawa cikin.

Shekara uku da suka wuce Zainabu, 'yar Rakiya ta fari, ta yi ɓari a gidan mijinta a Abu Hujar, aka kai jininta Madani. Bayan watanni wata likita ta yi sallama har tsakar gidanmu. Tana Larabci ina juya wa Inna. Ta ce sun samu wata ƙwayar cuta mai suna listeriya. Irinta tana cikin ƙasa ko'ina, ganinta a jikin mutum biyu ba hujja ba ne. Amma yanzu ana iya karanta halittar ƙwayar harafi bayan harafi, a san wadda ta haifi wata, kamar yadda tsofaffinmu ke jero kakanni har Sakkwato. Ta Zainabu ta yi daidai da wata da aka adana tuntuni daga jinin wata mata. Da ta faɗi sunan matar, ashe Rakiya ce.

Inna ta ce, "Rakiya tana ƙasa tun yaushe? Ina sunka same ta?"

Likitar ta ce ba Rakiya ba ce a wurinsu, abin da ya kashe ta ne, daskare cikin ƙanƙara, kuma in aka ɗumama shi sai ya farka ya ci gaba da haihuwa. Daga nan ta tambayi abin da uwa da 'ya suka ci iri ɗaya, alhali gari ya raba su, shekaru sun raba su. Idon Inna ne ya tafi ƙofar ɗakin randa ya tsaya.

Likitar ta ɗebi ruwan randar ta tafi. Kafin amsa ta dawo, Zainabu ta sake samun ciki ta zo gida, ni kuma na zama mai gadin ƙofar ɗakin randa. Inna ta daina yi mini magana. "Ruwan uwata na," in ji ta, "shi munka ci munka girma." Rashin sani ya fi dare duhu, amma na ga sanin ma yana da nasa nauyin. Amsar ta zo: ƙwayar randa da ta Rakiya da ta Zainabu gida ɗaya suke. Gishiri ba ya kashe ta, sanyi ba ya hana ta yaɗuwa, wuta kaɗai take tsoro. Mai ƙarfi ya ci ya wuce, ita kuwa ta jira mai ciki.

Nakan tambayi kaina me Rakiya za ta ce da ta ga yau. Ina jin sai ta fara da tsiya, ta ce ashe aljanin da muke ta yi wa hayaƙi mu ke ƙara masa ruwa. Bayan haka za ta yi shiru, don tana son Inna.

Washegarin zuwan amsar, da hantsi Inna ta sa aka haƙa rami bayan gida. Ba ta bar kowa ya taɓa randar ba. Ita ta tuntsurar da ita, ita ta fasa ta da taɓarya, ta aika duk gidajen da muke da 'ya a ciki su yi haka. Da ta zo wanke hannu ta daɗe tana kallon tafinta. Ta ce, "Duk ɗiyar da ni kai ɗaki, da wannan ni ɗiba mata."

Zainabu ta sauka lafiya, mace, aka mayar da sunan Rakiya. Ban san abin da mutum ke bari ba in ya tafi. Yayata ba ta bar gona ba, zannuwanta sun tsufa, muryarta ma ta fara ɓace mini. Ɗan jinin da aka ɗiba tana magagi shi ya zauna shekara da shekaru yana jiran ranar da za a iya tambayarsa, ya ba da shaida. Yarinyar tana gudu a tsakar gida yanzu. Inna kan ɗauke ta, ta goya ta, ta yi mata wasa, amma har yau ba ta taɓa sa mata abinci a baki da hannunta ba.