Awarwaron Inna

Shekara biyu bayan an ba mu jihar Kebbi, Inna ta dawo gida Aliero da nono ɗaya. Sankara ce ta ci ɗayan, aka yanke, aka yi ta ɗura mata maganin da ya kakkaɓe mata gashi. Ta rame har awarwaron azurfar da ke hannunta tun aurenta yakan zame ya faɗa kwano in tana wanke-wanke. Ni ke tsinto mata shi, ina da shekara sha bakwai.

A wurinmu rama ita ce ciwo, ƙiba ita ce lafiya, babu mai gardama. Sai dangi suka tashi haiƙan. Kawuna mahauci ne a Jega, duk ranar kasuwa sai ya aiko da kitse da kayan ciki. Gwaggo ta taso daga Maiyama ta tare a gidanmu, ta karɓe madafa: kunun kanwa da safe, fura da sukari da rana, romo kuwa gishiri kamar ɓari aka yi. Likita ya ce a koma bayan wata uku a duba ta, wai maganin nan yakan taɓa zuciya. Amma lokacin cirar albasa ne, kuma wa ke kai mai ƙiba asibiti?

Ta kuwa cika. Fuska ta yi fam, ƙafa ta ƙi shiga takalmi, awarwaro ya zauna daram. Mata na shigowa barka, Gwaggo na ɗaga hannun Inna tana nuna musu, sai ka ce ita ta ƙera shi. Har ni na yi murna, kuma murnar nan ce har yau ban yafe wa kaina ba.

Inna ta koma salla a zaune. Ƙishirwa ba ta barinta, amma daga ɗaki zuwa randa sai ta tsaya ta dafa bango. Kiyashi suka fara taruwa a makewayi inda ta tsuguna. Wata la'asar ina shafa mata man shanu a ƙafa, na danna ƙwaurinta da babban yatsa. Ramin ya zauna kamar a malmalar tuwo. Na ƙirga har ashirin bai ciko ba.

Na kira Gwaggo na nuna mata.

"Ke ɗiyag ga, bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji ta. "Matar da Allah yat tasar, ita kika nema ma wani ciwo?"

Sai da Gwaggo ta fita, sannan Inna ta miƙo mini hannu. Nama ya haye azurfar ta kowane gefe, yatsun sun yi sanyi.

"Tun shekaranjiya nika son hidda shi," ta ce, tana tsayawa neman numfashi. "Tahi ki kirawo maƙeri. Kak ki bari gwaggonki ta gani."