Kusurwar da Ruwa ke Kwanciya

Tun yana saurayi ya shigo filin ƙwallon nan da lauje a hannu, kafin a kawo injin yankan ciyawa, kuma a cikinsa furfura ta cim masa. 'Yan wasa suna ce masa Baba, magoya baya suna ce masa Mai Ciyawa. Aikinsa ban ruwa da yanka da zuba taki, ranar wasa kuma ya dama farar ƙasa ya ja layuka. Kulob ɗin babba ne, har a talabijin ana nuna shi, amma shi bai taɓa kallon wasa yadda mutane ke kallo ba. In fili ya kaure da ihu an zura ƙwallo a raga, shi idonsa na can inda takalmi ya yage masa ƙasa.

Gidansa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida a bayan benen 'yan kallo. Na kulob ne, saboda aikin aka ba shi. Daga nan ya aurar da 'ya'yansa mata biyu, daga nan aka ɗauki gawar ɗansa namiji. Matarsa takan tsokane shi in ya shigo da jiƙaƙƙen wando.

"Malam, ban taɓa ganin manomi irinka ba. Kullum noma, ba girbi. Ko akuya ba ka bari ta ɗanɗana."

"Ke dai miƙo shayin," in ji shi. "Wanda bai taka ta da sassafe ba bai san me ake girba ba."

Da attajirin da ya mallaki kulob ɗin ya rasu, magada suka kasa haɗa kai, sai suka sa shi a kasuwa. Rediyo ta ɗauka. Kullum da safe Baba yana jan tiyo, ƙaramar rediyonsa a aljihu tana jera masu son saye: wani kamfani daga ƙasar waje, wani mai gidajen mai, sai ƙungiyar 'yan kasuwar gari waɗanda suka ɗauki Dogo ya riƙa ba su shawara. Dogo tsohon mai tsaron ragar kulob ɗin ne, a gaban Baba ya girma. Cikin su ukun babu wanda ya ce uffan a kan ma'aikata. Baba kuwa ya san wanda ya sayi gida yakan canza makulli, kuma ranar da aikin ya tafi, ɗakunan nan biyu za su bi shi.

Filin yana da ciwo guda. A kusurwar gabas, kusa da raga, tsohuwar magudanar ruwa ta rufta a ƙarƙashin ƙasa. Da damina ruwa yakan kwanta a wurin, ciyawa ta ruɓe, ƙafa ta nutse. Baba ya kai kuka ofis har ya gaji, ana ce masa sai baɗi. Yanzu da yake rani ne saman wurin ya bushe, sai ɗan sanƙo da ya rage.

Manaja ya kira shi ofis. Bai ce ya zauna ba.

"Baba, ka yanko ciyawa mai kyau ka rufe sanƙon nan. In baƙi suka zo ka gaishe su ka koma gefe. Maganar kusurwar gabas ba ta taso ba."

"Ranka ya daɗe, ai ciniki ne. Mai sayarwa in ya san aibin kayansa..."

"Kai ne mai sayarwa?" Manaja ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni da kai duk cikin kayan muke."

Ya yi abin da aka sa shi. Ya yanko ciyawa daga bayan bene, ya jera, ya danne da tafin hannu, ya shayar da ita safe da yamma. Ta kama, har ta fi ko'ina kore. Wannan ne ya hana shi sukuni. Tun yana yaro mahaifinsa, wanda ke kiwon tumaki, ya koya masa cewa in tunkiya tana tari ka faɗa wa mai saye kafin ya taya, in ba haka ba albarka ta fita daga kuɗin. Ga shi da hannunsa ya lulluɓe tarin.

"Ka bar manya su yi cinikinsu," in ji matarsa, da ta ga yana juya cokali a kofi ba ya sha. "Sa ka aka yi. Allah Ya san zuciyarka."

"Shi ya sa nake jin kunya, don Ya sani."

Mutanen kamfanin waje suka fara zuwa. Ba su ko sauko kan ciyawa ba. Suka hau bene, suka leƙa wurin ajiye motoci, suka tafi. Mai gidajen mai ya zo da masu ɗaukar hoto, ya ce a ajiye masa ƙwallo. Ya kai mata shuri, takalminsa ya riga ta isa raga, fadawansa suka tafa. Shi ma bai tambayi Baba komai ba. Baba ya yi hamdala a zuci: ba a tambaye shi ba, bai yi ƙarya ba.

Ranar 'yan kasuwa kuwa, suna can ofis da manaja, Dogo ya zame ya sauko fili shi kaɗai. Ya yi ƙiba, ya sa babbar riga, amma da ya hango Baba sai ya rusuna kamar da. Ya cire takalmi ya taka ciyawar da tafin ƙafa, ya je ya tsaya tsakanin sandunan raga ya buɗe hannuwa.

"Baba, har yanzu kana zagin masu shurin ƙasa?"

"Kai ne shugabansu. Ramin da kake tona mini da dunduniya a bakin raga, da an tara shi da ya zama rijiya."

Dogo ya tuntsire da dariya. Sai ya dubi filin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya ce, "In Allah Ya ba mu, ina so ka riƙe mana shi yadda ka saba. Lafiyarsa ƙalau dai, ko?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi tagar ofis. Sannan ya kama hannun Dogo ya ja shi kusurwar gabas, ya ɗauko ƙarfen da yake huda ƙasa da shi, ya dafa. Ƙarfen ya shige kamar a cikin soso, ya fito da baƙar laka mai wari.

"Ka ga wannan koren? Ni na shimfiɗa shi. Ƙasansa ba lafiya. Magudana ce ta rufta. In kun saya ku tone ku sa sabuwa kafin ruwa ya sauka, ni zan mayar da ciyawar, ba wanda zai gane an taɓa."

A lissafinsa, ya kai kukan da ya daɗe yana yi wurin wanda ya san darajar ciyawa. Dogo ya gyaɗa kai, ya ciro waya ya ɗauki hoton ƙarfen. Ya ce, "Allah Ya saka, Baba."

Mako bai zagayo ba injiniyoyi suka zo da na'urorinsu suka huda filin ko'ina. 'Yan kasuwa suka rage tayinsu. Sauran masu saye suka ji labari suka ja da baya, magada kuma sun gaji da jira, suka sallama wa 'yan kasuwa. Manaja ya gamu da Baba a bakin famfo, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka," ya wuce.

Dogo da kansa ya zo gidan bayan la'asar. Matar Baba ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce injiniyoyi sun ce tunda tonawa za a yi, gara a kwashe filin gaba ɗaya a shimfiɗa ciyawar roba. Ba ta shan ruwa, ba a yanka ta, kuma ana iya ba da hayar filin ga masu taro. Ɗakunan nan biyu za a mayar da su shagon sayar da rigunan kulob.

"Wallahi na yi magana, Baba. Ni ba ni da sisi a ciki, shawara kawai nake bayarwa. Da ban nuna musu hoton ba..."

"Amanarsu ka ɗauka. Da ka ɓoye, da ni zan fara ganin laifinka."

"Ɗan nan," matar ta ce daga bakin ƙofa, "ranar da ka karye a filin nan, a kan tabarmar da kake zaune aka kwantar da kai kafin mota ta zo."

"Ya isa, baiwar Allah," in ji Baba. Dogo ya ajiye kofin, ya daɗe yana neman takalminsa alhali yana gabansa.

Babbar 'yarsu ta ce su dawo wurinta. Tana haya a saman bene, ɗaki ɗaya za ta ware musu, babu tsakar gida. Ranar da suke ɗaure kaya matar ta tambaye shi a hankali, ba don gori ba, ko da ya sani da ya yi shiru. Ya ci gaba da naɗe igiya. Can ya ce, "Da na sani, da na roƙi Allah kada Dogo ya tambaye ni."

Alfarma ta ƙarshe da sababbin masu kulob suka nema ita ce ya nuna wa direban katafila inda bututun ruwa suka bi a ƙarƙashin ƙasa, don kada a fasa su. Babu wanda ya san hanyarsu sai shi. Haka ya shiga gaba da sanda a hannu, yana nuni, katafila tana biye tana naɗe ciyawar kamar tsohuwar darduma. Bai waiwaya ba, amma ƙamshin ɗanyar ciyawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana riskarsa ta baya.

Da azahar ta yi, ɗan siririn kore ne kawai ya rage a gefen fili. Ya ɗaga hannu, direba ya kashe inji. Baba ya yi alwala a famfo, ya hau siririn koren ba tare da shimfiɗa ba, ya ta da salla. Ya daɗe a sujada, har direban ya sauko ya zauna a inuwar injinsa yana jira. Da ya sallame, ya kaɗe ganyen da ya manne masa a goshi, ya ɗauki sandarsa ya koma kan jar ƙasa.

"Bismillah, direba," ya ce. "Nan babu bututu. Wuce kawai."