Ɗakin Sanyi na Malam Mumuni

Shekara goma sha ɗaya muka yi aiki wuri ɗaya da Malam Mumuni, a wata ƙaramar makarantar koyon aikin ofis da ke unguwar Maure a Yamai, bayan layin masu sayar da yadi. Ni ina koya wa ɗalibai buga rubutu a ordinatar, wato kwamfuta, shi kuma yana kula da injunan. Ba'adare ne daga wani ƙauye kusa da Tawa, dogo, siriri, mai taurin kan da idan ka ce masa rana ta fito sai ya leƙa waje tukuna. Ya zo Yamai yana saurayi, ya fara da gyaran rediyo a kasuwar Katako, ya koma talabijin, daga nan ya faɗa ordinatar. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Ido ne da karambani, da kuma wata tsohuwar mita mai allura da ba ta rabuwa da aljihunsa.

Marigayi Alhaji, mai makarantar, shi ya sayo sarbar, wato babban injin da duk sauran ordinatocin makaranta suke jingine da shi. Na hannu ne, daga wani kamfani da ya tashi. Ƙarti biyu suka shigo da shi suna nishi. A cikinsa ake ajiye sunayen ɗalibai da makinsu da darussa. Injin nan ba ya son zafi ko kaɗan, kuma ba ya son a kashe shi, don haka Alhaji ya ware masa tsohon ɗakin ajiya, ya sa kilim mai sanyaya ɗaki, ya sayi gurup, wato janareta, mai tashi da kansa da zarar kuran, wato lantarki, ya ɗauke. A watan Afrilu, lokacin da kujerar ƙarfe take ƙona mutum ta cikin wando, ɗaki ɗaya ne a duk layin da sanyi ba ya yankewa, kuma mabuɗinsa yana wuyan Mumuni. Mukan tsokane shi cewa ya fi ministoci jin daɗi.

Bayan sarbar, a kusurwar da ba a gani daga ƙofa, akwai wani ɗan firigo, wato firiji, da tsawonsa bai wuce gwiwa ba. Nan maganar take.

Matarsa, Halimatu, tana da ciwon suga. Da can tana sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a kasuwar Lazare, har ciwon ya zaunar da ita. Allura ake yi mata safe da yamma, kuma Mumuni ne mai yi, don ita ba ta iya kallon allurar. Ruwan allurar kuwa sanyi yake so. In ya sha zafi sai ya mutu a cikin kwalbarsa, kana ganinsa kamar lafiya ƙalau. Gidansu yana can ƙarshen unguwar Bobiyel, inda waya ta isa amma kuran yake zuwa kamar baƙo. Da Alhaji ya ji labari, shi da kansa ya ce a sa ɗan firigon a layin gurup. Kwalaben wata uku suna kwana a ciki. Kullum da yamma Mumuni yakan cika fulas da ƙanƙarar da firigon ya yi, ya ɗaure a bayan babur, ya kai gida don kwalbar da ake amfani da ita. Shekara bakwai ana haka, Halimatu tana kan ƙafarta.

Da Alhaji ya rasu, ƴarsa Madam Nafissa ta karɓi makaranta. Ba zan yi mata ƙarya ba, mace ce mai hankali, ba ta da mugunta. Ta tarar da ɗalibai sun ragu, gurup yana shan man gazuwal kamar rijiya, kilim ya tsufa yana ɗiga. Wata rana ta dawo daga tafiya da wani ɗan akwati baƙi, girmansa bai fi kwanon sha ba, ta ajiye a kan teburin Mumuni.

"Malam Mumuni, an ce mini wannan zai iya aikin sarbar ɗinmu. Ban yarda ba, ban kuma ƙi ba. Kai ne masani. Ka gwada su biyun mako biyu, ka rubuto mini abin da ka gani."

Da ta fita ya ɗaga akwatin da yatsa uku, ya yi dariya har da tari.

"Malam Zubairu, dubi abin da za a gwada da tsohona. Wanga ai abin wasan yara ne. Ko fankar kirki babu ciki."

Ni ma na yi dariya. Ban san komai a kan cikin injuna ba, amma na san nauyi, kuma na san ƙara. Sarbar in ya tashi, sai ka ce jirgi ne zai bar ƙasa.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. A cikin kowane inji akwai furosesar, wadda ita ce ƙwaƙwalwar, kuma kowace tana da hannuwan aiki da suke kira kor. Sarbar yana da furosesar biyu, kowace da hannu shida, sha biyu ke nan. Ɗan akwatin yana da guda ɗaya mai hannu huɗu. Ya ce ko yaro ya san sha biyu ta fi huɗu.

Rana ta uku dariyar ta ragu. Na shiga na same shi da agogo a hannu, yana buɗe takardar makin ɗalibai a nan, ya buɗe a can. Ɗan akwatin yana rigan sarbar. Ba da yawa ba, amma kowane karo. Ya sake, ya sake, ya canja waya, ya zargi agogon. Hannu ɗaya na sabon ya fi hannu ɗaya na tsohon sauri, wajen ninki ɗaya da rabi. Shekara goma sha wani abu ce tsakanin haihuwarsu, kuma masu ƙera abin ba su yi barci ba a shekarun nan.

Sai ya ɗauko mita ya auna kuran da kowane yake ja. Sarbar, ko ba ya komai, yana kusa da wat ɗari biyu. In aiki ya taso ya haura ɗari uku, ban da kilim da ke kwashe zafin da yake fitarwa, wanda ya fi shi ci. Ɗan akwatin kuwa wat takwas a zaune, sha biyar in an matsa masa. Mumuni ya ɗauka mitar ce ta lalace, ya je ya aro ta wani. Haka ta nuna.

Gwajin da ya karya masa gwiwa shi ne na zafi. Ya fitar da akwatin daga ɗakin sanyi ya kai ajina, inda fanka ɗaya ce take juya iska mai zafi, ya bar shi kwana huɗu. Ina tsammanin yana fata ya same shi a mace. Ya yi ɗumi kamar kofin shayi, amma bai tsaya ba.

Akwai dai wurin da tsohon ya yi nasara, kuma ranar Mumuni ya kira ni da gudu. Ya kunna duk ordinatoci talatin na babban aji, ya sa kowace ta nemi aiki mai nauyi lokaci guda. Ɗan akwatin ya fara ja da baya, yana numfashi sama-sama. Sarbar ya yi ruri ya kwashe aikin duka, ya gama da wuri, kusan rabin lokacin. Ga shi kuma wurin riƙe aikinsa ya ninka na ƙaramin sau huɗu, har yana gyara kuskurensa da kansa. Mumuni ya shafa murfinsa kamar mai shafa doki.

"To shi ke nan," na ce masa. "Wannan za ka rubuta. Ka bar sauran."

Ya ci gaba da shafa murfin sarbar.

"Mumuni, ka san in sarbar ya tafi, kilim ya tafi, gurup ya tafi. Firigon nan fa? Ka rubuta abin da ka gani yau. Ai ba ƙarya ba ne, da idona na gani."

"Yaushe rabon da mutum talatin su hau shi lokaci guda?" ya tambaye ni. "Tun zamanin Alhaji. Yanzu in sun yi yawa mutum biyar. Na duba, wata shida na duba baya. Tsohon nan zaune yake yana cin kuran a banza."

"To ina ruwanka? Wa zai sani?"

"Ta ce ni ne masani."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya masa maganganun da ba a gaya wa wanda ya girme ka. Na ce taurin kansa na Adarawa zai kashe masa mata. Ya ci gaba da goge mitarsa da gefen riga. Har yau ina jin haushinsa, kuma har yau ina jin kunyar abin da na faɗa.

Rahoton shafi biyu ne. Ya sa nasarar sarbar a ciki, da lambobinta. A ƙasa kuma ya rubuta cewa makarantar ba ta kai wannan aikin ba shekara da shekaru, ɗan akwatin ya isa, kuma fano ɗaya na hasken rana da batiri ɗaya za su riƙe shi dare da rana. Ni na buga masa shi, ina bugawa ina tsaki.

Sai da Madam Nafissa ta karanta ta gode masa sannan ya kawo maganar firigo. Ba ta ma san da shi ba. Ta tashi ta je ta gani, ta buɗe, ta ga kwalaben a jere, ta daɗe tsaye. Ta tambaya ko za a iya haɗa shi da fanon. Mumuni, wannan bawan Allah, ya sake faɗin gaskiya: tsohon firigon yana jan abin da ya ninka na akwatin sau shida, batirin ba zai kai shi asuba ba. Ta ce ya yi haƙuri zuwa baɗi, in ɗalibai sun ƙaru za a ƙara fano. Na yarda har zuciyarta ta faɗa. Ɗalibai ba su ƙaru ba.

A watan Fabrairu aka sayar da gurup, aka cire kilim. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da kura suka ɗauki sarbar. Aka mai da ɗakin wurin ajiye kujerun da suka karye. Ba a kori Mumuni ba, aikin ne ya gudu ya bar shi, don akwatin ba ya neman komai. Yakan zo da safe, ya hure masa ƙura, ya zauna.

Ya kai firigon gida. Da zafi ya shigo, kuran yakan yi awa goma bai leƙo ba, firigo ya zama akwatin ɗumi. Ya koma sayen ƙanƙara, amma masu ƙanƙarar ma kuran ɗaya suke jira, wata rana ya zagaya Bobiyel da Lazare ya dawo da fulas ba komai. Ya roƙi wani mai shago da ke da gurup, ya ajiye masa kwalaben mako biyu, sannan ya ce shi ba ya son magani kusa da kayan shansa. Daga ƙarshe ya binne tulu a jiƙaƙƙen yashi a inuwar katanga, ya sa kwalaben ciki. Dabara ce mai kyau, an ce tana taimako, amma Afrilun bana ya fi ƙarfin tulu, kuma kwalaben sun riga sun sha zafi a cikin firigon da ya mutu.

Halimatu ta fara yawan ƙishi, tana rama, tana cewa hazo take gani. Mumuni bai fasa allura ko sau ɗaya ba, har ƙara mata ya yi. Wani ɗan ciwo da ta ji a yatsar ƙafa ya ƙi warkewa. Ranar da ta faɗi a tsakar gida, ni na raka su asibiti. Lokotoro ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta a haske, ya juya, ya tambaya tun yaushe ake yi mata da wannan. Mumuni ya ce mako biyar. Lokotoro ya ce maganin ya daɗe da mutuwa, kusan ruwa ake ɗura mata. Ban taɓa ganin babban mutum ya zauna a ƙasan siminti haka ba.

An yanke mata yatsu biyu, daga baya aka ƙara zuwa idon sawu. Idon dama ya tafi, na hagu yana bi. Yanzu kwalba ɗaya-ɗaya Mumuni yake karɓowa, wata ma'aikaciyar asibiti da ta tausaya tana ajiye masa, yana zuwa har can safe da yamma a kan babur ya ɗebo allurar. Ya ce mini zai iya wannan har ƙarshen ransa. Abin da ya tafi dai ya tafi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe da Halimatu. Tana kan tabarma a ƙofar ɗaki, an lulluɓe ƙafar da zane. Mumuni ya shiga ciki ɗauko mini ruwa. Ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryata, ta rage murya.

"Malam Zubairu, ina son in tambaye ka. Malam ya ce mini da rana tsaka suka zo suka ƙwace injin nasa, ko shawararsa ba su nema ba. Ya ce da sun tambaye shi da bai bari ba. Kai kana wurin. Haka aka yi?"

Na ɗaga kai na ga Mumuni tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu, ruwan yana zuba kan ƙafarsa. Kallona kawai yake yi.

"Haka aka yi, Halimatu," na ce. "Ba su tambaye shi ba."

Ta gyaɗa kai, ta ce dama ta sani.