Ranar da Inna ta aike ni kashe wutar da na kunna

Shekarun baya, tun kafin in zauna ajin yaƙi da jahilci in koyi riƙe biro, idon mahaifiyata ya yi yana, duka biyun. Matar da ke tsince tsakuwa a shinkafar Bakura tana hira, sai ga shi jikoki ke ja mata sanda. Muna haka labari ya iso Talata Mafara cewa wasu likitocin ido sun sauka Zariya suna cire yana, kuma Laraba da yamma za su rufe ɗaukar suna.

Inna ba ta jure doguwar tafiya a mota, amai take yi. Muka lallaɓa zuwa Gusau muka kwana wajen ƙanwarta, Laraba da sassafe muka hau jirgin ƙasa.

Da hantsi jirgi ya tsaya a wata 'yar tasha cikin daji, ko titin mota babu kusa. Muka jira. Har aka yi azahar ba mu motsa ba.

To ni a tashar mota na yi wayo, ina sayar da tuwo. Abin da na sani a duniya shi ne direba ba ya tashi sai fasinja sun ci masa mutunci. Na ɗaure gyale a ƙugu, na bi gefen taragu har kan jirgi, inda direba yake.

"Malam, kwana muka zo yi?"

Direban ya nuna mini wani dogon ƙarfe mai hannu a bakin layi. "Baiwar Allah, daga nan zuwa tasha ta gaba layi ɗaya ne, jirgi ɗaya ke shiga. Waccan sigina ita ke ba ni izini. Ga ta ta ƙi motsi, wayar tasha kuma ta mutu. Ban san abin da ke gabana ba."

"Ba ka da ido ne? Ka bi a hankali mana!"

"Jirgi ba jaki ba ne, da za a ce masa tsaya ya tsaya."

Ban ji ba. Na ɗaga murya, kuma fasinjoji masu kayan albasa da tumatir dama jira suke wani ya fara. Kafin ka ce me an kewaye kan jirgin ana buga ƙarfe. Wani Alhaji mai fataucin shanu daga Maradun yana rantsuwa ya sha bin layin nan bai taɓa gamuwa da ko akuya ba. Na ga mai kula da tashar yana share gumi, shi da direba suna kallon juna. Na ce a raina sun kusa karaya.

Na koma tarago in ba Inna ruwa, ina ta cika baki. Ta saurara har na gama.

"Mi mutumin ya ce?"

Na maimaita mata.

"Ke, in kin yi sallama gidan mutane ba a amsa ba, kutsawa kike?"

"Inna, idonki fa! Yau za su rufe."

"Idona ne, ba naki ba. Duhu bai kashe ni ba. Mutum ya yi sallama ba a amsa mai ba, kun taru kuna tura shi da mutane cike da taragu. Tun daga nan na ji muryarki. Ke kika kunna wutar ga, tashi ki kashe ta."

Wallahi da kuka na sauka. Amma na sauka. Na ratsa mazan nan, na shimfiɗa gyalena a kan layi gaban jirgi, na zauna.

Alhajin Maradun ya riƙe baki. "Ba ke ba ce yanzun nan kike cewa a tafi?"

"Ni ce. Uwata ta ce a tsaya. In kana da uwa cikin jirgin ga, kirawo ta su yi magana."

Aka tuntsire da dariya, har shi. Daga nan faɗa ya mutu, kowa ya nemi inuwa.

Bayan la'asar muka ji ƙara daga gabas. Wani jirgin kaya ne ya fito daga bayan kwana yana jan jiki, a kan layin nan da muka so bi. Ashe lalacewa ya yi a hanya tun safe. Aka karkatar da shi layin gefe, ya wuce mu tarago bayan tarago, ba ka jin komai sai salati. Alhajin ya je har wajen Inna ya durƙusa ya aje mata goro.

Mun isa Zariya an rufe. Washegari na yi roƙo, na yi masifa, duk a banza. Sai bayan kakar wata shekarar aka yi wa Inna aiki. Shekarar nan ta yi mini tsawo. In na ga tana laluben buta sai in fita waje. Ita ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen ba.

Ranar da aka kwance mata bandeji ta daɗe tana dubana.

"Wace ce wagga tsohuwa?"

"Ni ce, Inna."

"Assha. Faɗa ya cinye ki." Ta kama fuskata da hannu biyu, ta ƙi saki.

Yanzu ina karanta labarai da kaina a waya. In na ga an ce sigina ta lalace, jirgi ya tsaya a daji, mutane suna zagin direba, ba na ganin laifinsu, na san zafin da ke cinsu. Wanda ya bar sigina ta lalace shi ya cancanci zagin, kuma har gobe ina da bakin yi. Amma direban da ya ƙi tashi, ban yarda a taɓa shi ba. Na san wadda ta biya tsayuwar nan da shekara guda ta ganinta, ba ta nemi ko godiya ba. Allah ya jiƙan Inna.