Dabo Mai Jiran Jini

Dabo wanzamin Kangire ne, ni na Kiyako, kakanmu ɗaya. Ba zan ɓoye ba, shekara ashirin na yi ina jin haushinsa. Askata ta fi tasa kaifi, hannuna ya fi nasa sauri, amma ko daga Gwaram aka ɗauko mai ciwon maƙogwaro, sai a wuce ƙofata a nufi tasa.

To me yake yi? In ya cire belu sai ya shimfiɗa buzu ya zauna, yana ba da ruwan bagaruwa ana kurkurawa, ba zai tashi ba sai yawu ya fito fari. Ran kwana bakwai kuma ya hau tsohon kekensa ya dawo ya leƙa wurin. Nakan ce wa mutane tuwon gidan yake jira.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, wani direba ya ba ni labarin likitocin birni, wai ƙona wurin suke yi da lantarki, ko ɗigon jini babu. Na sa maƙeri ya ƙera mini siririn ƙarfe, in na yanka sai in ɗora shi da zafinsa. Jini ya ɗauke, mutane suka dawo ƙofata. Dabo ya aiko a gaya mini cewa ƙuna ɓawo take yi, kuma ranar da ɓawon ya faɗi ita ce abin tsoro. Na ce hassada ce ke cinsa.

Don in rufe masa baki, da 'yata Kulu ta kamu da ciwon belu, a gaban jama'a na yanke mata na ƙona. Kwana takwas lafiya lau. Ran na tara da hantsi tana cin ƙanzo, jini ya ɓalle, ta cika ƙwarya. Uwarta ko kallona ba ta yi ba, ta aika Kangire. Dabo ya danne wurin da auduga har azahar, sannan ya tsayar da mota ya raka ta asibiti. Bai taɓa goranta mini ba, wannan ma ya ƙona mini rai.

Kulu ta warke, ta yi aure, ta haifi namiji. Ana gobe suna ina wasa aska, sai ta aiko a kira ni. Kanta a sunkuye ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na riga na aika wa Baba Dabo."

Ran suna a zaure na zauna cikin baƙi, ina jiyo kukan jikana a hannunsa.