Teburin da Kawu Isiya Ya Yanke wa Ƙafafu

Na san za ku ce na fara zuƙi ta malle, to ku je Karaye ku tambaya. Akwai mutumin da ya sa ƙarti shida zaman dirshan a ƙasa shekara da shekaru saboda mutum ɗaya, kuma ba wanda ya kai shi ƙara gun dagaci. Kawuna ne, Isiya mai injin man gyaɗa. Bana shekararsa tara a ƙasa. Allah Ya jiƙansa Ya ba shi hutu, don mu dai bai taɓa ba mu ba.

Yanzu in an ambace shi sai ka ga mutane sun langaɓe kai, wai "Allah sarki, mai tausayin naƙasassu." Dariya suke ba ni. Ni na ja masa a-kori-kura, ni ke ɗauko gyaɗa daga Gwangwan da Jajaye. Mutumin da in ƙwayar gyaɗa ɗaya ta gangara ƙarƙashin inji, sai an kashe injin an nemo ta an yi mata barka da dawowa. Tausayi kam ban taɓa kama shi da shi ba.

Ga yadda aka yi. Hashimu ɗan Jajaye ne, shan-inna ta shanye masa ƙafafu tun yana goye. Ranar kasuwar Rogo Kawu ya gan shi yana gyaran kekensa na guragu, ya kama ƙarfen da ya lanƙwashe ya miƙar da shi da hannu kamar kara. Kowa na cewa sannu, Kawu ya ce, "Kai, wannan hannu asararsa ake yi. Gobe ka same ni a inji."

Aikin cika jarkoki da kwalabe da ɗaure murfi aka ba shi. Sai dai teburin cikon dogo ne, Hashimu daga ƙasa ko samansa ba ya hangowa. Kawu bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauko zarto ya yanke ƙafafun teburin duka huɗu, ya shimfiɗa tabarmi. Sauran ma'aikatan suka ce, "Alhaji, bayanmu fa?" Ya ce, "A gidajenku a tsaye kuke cin tuwo?" Shi ke nan, kowa ya nemi wuri ya zauna.

Murfin da Hashimu ya ɗaure kuwa, matan Kurugu sai sun kira mazajensu, mazan su kira maƙwabta, wani lokaci har da maƙeri. Kawu ya riƙa yi masa tsawa: "Hashimu, mai kake rufewa ko ɗan fursuna?" Ranar da ya makara kuma ya sha faɗa daidai da kowa. Hashimu da bakinsa ya faɗa min, wurin nan ne aka fara zaginsa a kan aiki maimakon a ce masa sannu, kuma ranar ya fi kowa jin daɗin tuwon dare.

Ni har gobe ina zargin Kawu lissafi ya yi. Ya san Hashimu ba zai tsere ci-rani da kaka ta wuce ba, ba zai sulale gidan kallon ƙwallo ba. To lissafi ne ko lada yake nema, shi da Ubangijinsa. Abin da idona ya gani, a kan teburin nan Hashimu ya yi aure, ya kewaye gidansa, 'ya'yansa na makaranta.

Yanzu ɗan Kawu, Nura, ke riƙe da injin. Ƙanena ne, ba na ƙinsa, kuma ya gyara wuri ba laifi. Bara ya sayo teburin ƙarfe mai ƙyalli, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Ya ce duba-gari sun hana cika abin ci kusa da ƙasa. Na ce wannan gaskiya ce, to a yi wa Hashimu doguwar kujera mana, kafinta ko yana gyangyaɗi ya haɗa ta. Ya ce, "Yaya, ana duba lamarin." Ana nan ana dubawa har an noma gyaɗa an cire an sake shukawa.

Kujera ba ta zo ba, sai siminti ya zo. Aka zuba gangare mai santsi har ƙofar ofis, aka shafa shuɗin fenti, aka zana keken guragu a jiki. Ofishin nan Hashimu ba shi da abin yi a cikinsa. Ɗakin cikon kuwa dakalinsa na nan sai ka ɗaga ƙafa kamar za ka hau raƙumi. Aka ɗinka wa Hashimu riga mai maɓallai da hula, aka ajiye shi a bakin get, wai shi ne jami'in tarbar baƙi. Get ɗin yana da maigadi da sandarsa tun zamanin Kawu. Ƙofa ɗaya mutum biyu, sai ka ce gidan gwamna.

Da na ga haka na baza kunne. Ashe wata ƙungiya ce daga Kano ke ba da tallafin injina ga masana'antun da ke ɗaukar masu buƙata ta musamman, haka ake kiransu yanzu. Injin da Nura ya nema kuma shi ke cika kwalba ya ɗaure murfi da kansa. To ku taya ni tunani. Ranar da injin ya iso, baƙi suka daina zuwa, wa za a sallama a bakin get, mai sanda ko mai hula? Ban ce na ji Nura ya faɗa ba. Na dai ce ina da ido.

Nakan ce da Kawu zai leƙo, me zai yi? Ba na jin zai yi wa'azi. Kuɗin fenti zai fara tambaya, ya suma, ya farfaɗo, sannan ya aika a kira mai walda ya rage wa teburin ƙarfen tsayi ko ya ɗaga Hashimu sama. Shi a wurinsa hannun da ya iya aiki a bar shi yana ɗaga wa motoci, wannan ɓarna ce da ta fi zubar da mai.

Me ya rage na Kawu? Tsohon teburin na bayan inji, awaki ke kwana a kai. Sai kuma bakin Hashimu, wanda Kawu ya koya masa cewa ma'aikaci yana da damar mayar da magana.

Makon jiya baƙin ƙungiyar nan suka iso, ina wurin. Nura ya dafa kafaɗar Hashimu, mai hoto ya gyara tsayuwa. Wata Hajiya daga cikinsu ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, wane aiki kake yi a nan?" Nura ya yi caraf ya ce, "Ai Baba Hashimu ginshiƙinmu ne, tun zamanin mahaifina." Hashimu ya cire hular nan ya ɗora a cinya, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Alhaji ƙarami, ni ta tambaya. Hajiya, da can mai nake cikawa, yanzu hoto nake cikawa. Babansa teburi ya yanke wa ƙafafu don in yi aiki. Shi kuma ya ga ba ni da ƙafar da zai yanke, sai ya yanke min hannu."